Koyon gani kafin danna waya: tambayoyin masu son ɗaukar hoto a Kaduna

Tambayoyin nan su ake ta maimaita min kullum, daga yaran da ke koyon aiki a situdiyo, zuwa 'yan mata masu sayar da turare da atamfa a Instagram, har da iyayenmu ma'aikata da suka sayi waya mai tsada suka ga hoton bai canja zani ba. Na tara su wuri ɗaya don in huta. Na fara da masu sauƙi, in ka riga ka wuce nan sai ka gangara ƙasa.

Wai mene ne "koyon gani" ɗin nan da kuke ta faɗa? Ai duk mai ido yana gani.

Yana gani mana, amma rabin aikin ƙwaƙwalwa ce take yi, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da haƙuri. Kana fitowa daga gida za ta ce maka ga Keke, ga mai shayi, ga kwata, da zarar ta raɗa wa abu suna shi ke nan ta sallame shi ta yi gaba. Ba za ta tsaya gaya maka cewa tururin da ke tashi daga butar mai shayin yana ƙyalli ne saboda rana tana bayansa ba, ko cewa rabin fuskarsa na cikin inuwar rumfa. Kyamara kuwa ba ta san mai shayi ba, ba ta san sunan komai ba, haske da duhu da launi kawai take aunawa. To abin da ake so ka koya shi ne ka riƙa hango abin da kyamara za ta kama tun kafin ka ɗaga ta.

Miƙe hannunka ka kalli farcen babban yatsanka. Kusan iyakar faɗin wurin da idonka ke gani tar ke nan a lokaci guda, sauran duk dishi-dishi ne, ido na ta tsalle nan da can ƙwaƙwalwa na harhaɗawa. Shi ya sa za ka ɗauki amarya ka rantse ita kaɗai ka gani, sai ka buɗe hoto ka tarar da bokitin wanke-wanke da igiyar shanya a bayanta. Suna nan tun farko wallahi, hankalinka ne bai kai kansu ba.

Sai na sayi babbar kyamara tukuna? Wayata ba wata ta a zo a gani ba ce.

A'a. Tecno ko Infinix ɗin da ke aljihunka ta ishe ka koyo. Abu biyu zan roƙe ka. Ka riƙa goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi kafin ka ɗauka, don da yawa daga cikin hotunan da ake cewa waya ce ba kyau, maiƙon yatsa ne da ƙura. Sannan ka rabu da zum ɗin da ake ja da yatsu biyu, a yawancin wayoyi yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya kumbura shi, in abu ya yi maka nisa sa ƙafa ka matsa.

Babbar kyamara tana da ranarta, irin su dawakai a guje, ɗakin taro mai duhu, ko hoton da za a buga babba a allon talla. Amma wanda bai iya karanta haske ba ko ka miƙa masa Canon ta miliyoyi hoton da ya saba yi shi zai yi, sai dai a ƙara ganin kuskuren da kyau.

Me ya sa abin da na gani da ido ya fi wanda ya fito a hoto kyau?

Saboda ido yana yi maka gyara ba tare da ka sani ba. Tsaya a cikin zaure ka kalli waje da rana tsaka, za ka ga tabarmar da ke cikin duhu kuma ka ga titi, duk a kallo ɗaya. Kyamara ba ta iya ɗaukar tazara mai yawa haka tsakanin haske da duhu, dole ta zaɓa, ko waje ya fito zaure ya koma baƙi ƙirin, ko zaure ya fito waje ya ƙone fari fat. Haka launi, farar riga a ƙarƙashin ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa kai fara kake ganinta don ka san fara ce, ita kuwa kyamara in ba ta daidaita ba sai ta ba ka riga kalar shayi. Ga kuma abin da aka fi mantawa, idonka biyu ne shi ya sa kake sanin wannan na kusa wancan na nesa, hoto kuwa shimfiɗaɗɗe ne, falwayar da ke can nesa sai ta tsiro a tsakiyar kan ango. Gwada rufe ido ɗaya ka ɗan lumshe ɗayan kafin ka ɗauka, za ka ga wurin ya koma faci-facin haske da duhu, kusan yadda zai fito.

Wannan magana ta daɗe fa. Ibn al-Haytham, haifaffen Basra wajen shekarar 965 wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya kafa hujjar cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, alhali da yawa kafinsa sun ɗauka idon ne ke harba wani abu waje. Da ɗaki mai duhu da 'yar huda ya yi gwaje-gwajensa. Kai ma za ka iya gani a gida, ɗakin da aka rufe ruf da rana in akwai 'yar ƙofar ƙusa a tagar langa-langa, wani lokaci za ka ga masu wucewa a bango kansu a ƙasa. Kyamarar wayarka ɗakin nan ne aka ƙanƙance.

Wane lokaci ne haske ya fi kyau a nan Kaduna?

Da sassafe bayan fitowar rana, da kuma bayan la'asar sakaliya zuwa dab da magariba. A lokacin rana tana gefe, tana shafar abu tana fito da duk wani gurbi da tudu, zanen bango, zubin fuskar dattijo, saƙar tabarma. Sai dai mu nan muna kusa da tsakiyar duniya, Kaduna na wajen digiri 10 da rabi ne a arewa, rana faɗuwa take yi kai tsaye ba ta jan ƙafa irin ta Turai, daga faɗuwarta zuwa duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. Wanda ya tsaya sai ya ga sama ta yi ja sannan ya fara neman Keke zuwa bakin kogi, to ya makara. Tsakar rana kuwa ita ce mafi wuya, musamman wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta lokacin da rana ke tsayawa daidai tsakar ka, inuwarka ta shige ƙarƙashin takalminka, idanun mutane su koma ramuka.

Kowane yanayi da nasa. Hunturu mutane suna raina shi wai komai ya yi fari-fari, ni kuwa a ganina shi ne lokacin da garin nan ya fi ba da hoto. Hazo yana tace rana, inuwa ta yi laushi, sannan yana jera abubuwa hawa-hawa, bishiyar kusa baƙa, ta bayanta toka-toka, ginin can nesa kamar zai ɓace. Tsaya inda kake hango gadar Kawo da safiyar Janairu ka ga yadda motoci ke fitowa daga cikin ƙura da fitilunsu a kunne, ko masu kwale-kwale da masu wanki a bakin kogin Kaduna lokacin da ruwa ya ja baya duwatsu suka fito. Sai dai mai babbar kyamara kar ya kuskura ya canja gilashin idon kyamarar a fili, ƙura za ta shige ciki ya yi ta ganin ɗigo-ɗigo a sararin sama.

Damina kuma launi ne. Ruwa ya wanke ganye, jar ƙasa ta ƙara ja. Mafi daɗinsa shi ne da yamma in hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi, rana kuma tana yamma ba ta rufe ba tukuna, duk wani farin gini ko hasumiyar masallaci sai ka ga kamar an kunna masa wuta a gaban baƙin gajimare. Minti kaɗan ne, iska na tasowa ya wuce.

Biki ne ƙarfe ɗaya na rana, ango ya sha farar shadda, fuskarsa ta fito duhu. Ya zan yi?

Kyamara tana ƙoƙarin mayar da duk abin da ta gani tsaka-tsaki ne, ba fari ba ba baƙi ba. Da ta ga babbar riga fara tas ta cika firam, wato iyakar abin da ke shiga hoton, sai ta ce haske ya yi yawa ta rage, shadda ta koma toka, fuskar mu baƙar fata kuma ta nutse, ga hula ta ƙara inuwa a goshi. Maganin farko ba a waya yake ba, jawo angon za ka yi daga rana. Kai shi bakin inuwa, bakin zaure ko gefen baranda, fuskarsa na kallon waje inda haske yake, kai kuma ka ba wa hasken baya. Sai ka taɓa fuskarsa a sikirin, 'yar alamar rana ta fito ka ja ta sama kaɗan har fata ta fito, amma ka sa ido kan aikin wuyan rigar kar ya ƙone. In akwai farin bango a gefe ko wani ya riƙe maka farin mayafi, zai maido haske kan fuska fiye da filasha.

Ki lura da kanofi ke mai ɗaukar ƙawaye a wajen kamu ko walima. Ja ko shuɗin kanofi yana zuba kalarsa a fuska, kuma cire shi a editin wahala ne. Sannan kar ki kai wayar dab da fuska, idon waya mai faɗi ne, yana ƙara girman hanci ya ja kunne baya. Ki ja baya taku biyu, in wayar na da ido na biyu mai 2x ki yi amfani da shi.

Layukan nan da ke raba sikirin gida tara, dole ne in bi su?

Ba dole ba ne. Kunna su dai, suna taimaka maka kar ƙasa ta karkace, kuma suna raba ka da ɗabi'ar dasa kowa a tsakiya kamar hoton fasfo. Amma abin da ya fi su amfani nesa ba kusa ba shi ne zagaya gefunan firam da ido kafin ka danna, kusurwa huɗun nan, me ke ciki? Rabin kan wani yaro, ledar fiya wata, madubin mashin. Duk abin da ya shigo kai ka yarda ya shigo. Mai zane da farar takarda yake farawa yana ƙarawa, kai kuwa da kasuwa guda kake farawa kana ragewa, kuma sau da yawa taku ɗaya zuwa hagu ko durƙusawa ya isa ya fitar da tarkacen. Maganar falwaya a kan ango na yi ta a amsar ido da kyamara can sama.

Gaskiya ni ban ga abin ɗauka a Kaduna ba. Ba sai na je Kajuru ko Abuja ba?

Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Wannan ita ce babbar cutar, ta fi rashin kyamara. Je ka Kajuru ba laifi, amma hoton da za ka dawo da shi dubban mutane sun riga sun yi shi daga wuri ɗaya. Layinku kuwa ba wanda ya san ƙarfe nawa rana ke shigowa ta tsakanin gidaje biyun nan ta sauka kan mai ƙosai sai kai.

Dubi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a 2014. Da 'yar ƙaramar kyamara Brownie ya fara a 1950. A 1968 ya soma ɗaukar kitson matan Nijeriya, abin da kowa ke gani a gida da kasuwa da coci ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara kusan dubu, baƙi da fari, da yawansu ma daga ƙeya ya ɗauka ba fuska. A 2013 aka baje su a babban baje-kolin fasaha na Venice. Yanzu wasu salon kitson a hotunansa kaɗai za ka same su. To kai wa ke ɗaukar zanen lallen Unguwar Sanusi, ko rubuce-rubucen bayan Keke, ko kafin hula?

Shiga Panteka ka tsaya wajen masu zubin tukunya. Kalli hannun da ke danna yashi a jikin ma'auni, baƙi ƙirin da toka, sai narkakken alminiyom ya zubo fari kamar madara, hayaƙi ya tashi ya gamu da hasken da ke zubowa ta hudar rufin kwano. Mita biyu kacal, amma za ka yi wata kana ɗauka ba ka gama ba. Ga Kasuwar Barci da tulin gwanjo, ga tsofaffin masaƙun Kakuri da ciyawa ta cinye, ga tashar Rigasa lokacin da jirgi ya sauke mutane, ga gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru tana nan a Gamji. Sai dai ka karanta amsar neman izini a ƙasa kafin ka shiga ko'ina da waya a ɗage.

Kullum sai abu ya wuce nake dannawa. Ya ake kama lokacin?

Daina bin abu, riga shi zuwa. Nemi wuri mai kyan haske da bango mai tsabta, ka tsara firam ɗinka babu kowa a ciki, sannan ka jira wanda zai shigo ya cika shi. Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Magnum a 1947, sanannen hotonsa na 1932 wani mutum ne ya yi tsalle zai haye ruwa a bayan wata tashar jirgin ƙasa a Paris, dugadugansa saura ƙiris ya taɓa ruwan. Kududdufi ne fa kawai irin wanda ke cika Tudun Wada a Agusta. Bambancin shi ne ya ga abin zai faru.

Hawan Sallah a Zariya makaranta ce ta wannan. Kowa yana cunkushe inda sarki zai ɓullo, kai kuwa ka lura da yadda mahaya ke zaburo dawaki su ja linzami a gaban fada, wuri ɗaya suke tsayawa, ƙura ta wuri ɗaya take tashi. Kalli biyu uku ba ka ɗauka ba, ka gane kiɗan abin, sannan ka danna kafin dokin ya tsaya don waya tana da ɗan jinkiri. In wayarka na da sashen Pro ka sa saurin ƙiftawar idon kyamara a 1/1000 na daƙiƙa don doki ya tsaya cak, in kuma kana son a ji gudun ka sauke shi wajen 1/30 ka bi dokin da hannu.

Ina jin nauyin ɗaukar mutane. Sai na nemi izini?

Eh, kuma jin nauyin nan kar ka yar da shi, alama ce ta tarbiyya. Sallama tukuna, waya a aljihu. "Baba sannu da aiki, ya kasuwa? Ina koyon hoto ne, aikin nan naka ya burge ni, ko ka yarda in ɗauka?" Da yawa za su yi dariya su ce bismillah, za su ƙame na ɗan lokaci, ka yi haƙuri ka ci gaba da hira har su koma aikinsu, a nan hoton yake. Ka nuna masa abin da ka ɗauka, in ka ce za ka kawo masa wankakke ka cika alkawari. Wanda ya ce a'a, ko don fahimtarsa ta addini ko don ra'ayinsa, ka ce na gode ka wuce, ba wurin musu ba ne. Matan aure da 'yan mata kuwa mace 'yar uwarsu ta fi samun shiga, shi ya sa nake ganin mata masu hoto a Arewa suna da filin da maza ba za su taɓa takawa ba.

Abin da ba na so shi ne a mayar da talaucin wani ado. Almajiri da roba, a sa masa baƙi da fari a watsa don a tara layik, ba a san sunansa ba balle malaminsa. Tambayi kanka in ƙaninka ne za ka so a nuna shi haka? Sannan Kaduna garin sojoji ne, bariki, makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, sansanin sojan sama, shingen jami'an tsaro a hanya, duk waɗannan ka mayar da wayarka aljihu tun daga nesa.

Hotunan wa zan riƙa kallo?

Bayan Ojeikere, nemi Seydou Keïta na Bamako wanda ya buɗe situdiyo a 1948 a tsakar gida, hasken rana kawai da zane mai ado a baya, ka lura da yadda yake ajiye hannayen mutane. Sai Malick Sidibé, shi ma mazaunin Bamako, da hotunan samari a wajen rawa a shekarun 1960, wanda ya samu lambar Zinaren Zaki ta Venice a 2007. A kusa kuma akwai Fati Abubakar da ta nuna rayuwar yau da kullum ta Maiduguri lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai bam. Kar ka yi ta shafa sikirin kana wucewa, tsaya kan hoto ɗaya ka tambayi kanka ta ina haske ya zo, a ina mai hoton ya tsaya, me ya bari a waje. Albam ɗin gidanku ma ka ɗauko shi.

Baiwa ce ko koya ake yi?

Koya ake yi, yau da gobe ce. Zaɓi abu ɗaya, ko ƙofar gidanku ce, ka ɗauke ta da asuba, da hantsi, da azahar, da yamma, ka jera su ka gani. Wata rana ka fita ba za ka ɗauki komai ba sai ja. Wata rana inuwa kawai. Wata rana ka ƙayyade wa kanka hoto goma daga safe zuwa dare, za ka sha mamakin yadda za ka fara tsayawa kana tunani kafin ka danna. Ko a go-sulo kana cikin Keke ba waya a hannu kana iya yi, ka riƙa cewa a ranka da a ina zan tsaya.

Editin fa, ba yaudara ba ce? Kuma cikin hotuna ɗari ya zan zaɓa?

Tun zamanin fim ana ƙara haske a rage a ɗakin wankin hoto, don haka gyaran haske da yanke gefe ba komai. Inda aka ɓata shi ne a goge fata har ta koma roba, ko a mayar da baƙar amarya fara har danginta su kasa gane ta. In kuma hoton labari ne na jarida to ba a cire komai ba a ƙara komai. Baƙi da fari ka yi shi in launi yana janye hankali daga abin da kake nunawa, ba don ka ceci hoton da bai yi ba.

Zaɓe kuwa kar ka yi shi a ranar da ka ɗauka, wahalar da ka sha a rana za ta sa ka so hoton da bai cancanta ba. Bari ya kwana biyu, ka ware biyar, ka nuna wa wanda ba ya wurin ba tare da ka yi masa bayani ba, ka tambaye shi ina idonsa ya fara sauka. In ya ce kan bokiti, koma amsar gefunan firam. Wanda ya tsira ka kai a wanke maka ko da ƙarami ne, takarda tana tona abin da sikirin ke ɓoyewa. In za ka tura wa mai wankin ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton ya fito da ƙuraje-ƙuraje.